Wa ke dafa sahur in Hajiya ta tafi tahajjud?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, na kuma san ba kowa zai ji daɗinta ba, don haka ina neman afuwa tun yanzu.

Mu dai wajen kyauta ba a bar mu a baya ba. Da azumi ya kama, da wuya ka ga layin da babu gidan da ake rabon kunu da ƙosai. A fitar da hatsi, a ɗinka wa marayu kayan sallah, a yi karo-karo a haƙa rijiyar burtsatse. Allah ya karɓa. Amma ku shiga cikin gidajen da ake wannan rabon. Ku tambayi mai gadi yaushe rabonsa da karɓar albashi cikakke a kan lokaci. Ku tambayi yarinyar da ta soya ƙosan nan nawa ne kuɗin watanta, hannun wa yake shiga, ƙarfe nawa take kwanciya. A goman ƙarshe Hajiya da 'ya'yanta suna masallaci wajen tahajjud, ana kuka ana roƙon rahama, yarinya 'yar shekara 12 tana kicin tana haɗa sahur ɗin mutum goma. In aka dawo aka tarar miya ta kama, da bakin da ya gama roƙon afuwa za a zage ta.

Ni a ganina mun fi son alherin da za a gode mana a kansa fiye da hakkin da ya zama dole mu biya. Wanda ka ba sadaka zai durƙusa ya yi maka addu'a. Wanda ka biya albashinsa kuwa nasa ya karɓa, ba lallai ya ce maka komai ba, shi ya sa abin ba ya mana daɗi. To ibadar nan da muke ƙarawa duk shekara, tana ƙara mana tausayin na ƙasa da mu kuwa? Malamai da iyayenmu na zaure, a taya ni dubawa.

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin faɗi gaskiya a wani ɓangare, amma kin yi mana kuɗin goro. Ki duba halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da N200 sai da ta haura N1,000. Buhun shinkafa ya wuce N80,000 a 2024. Mai gidan da kike gani da babbar riga, wallahi wani da bashi yake kwana. Ni ina da yara biyu a shago, da mai gadi, da yarinya a gida. Ci da sha da sutura da magani duk a kaina suke. In aka lissafa abin da yarinyar nan take ci a wata, ya fi abin da ubanta yake samu a ƙauye. Da a ce na mayar da ita, talla za a ɗora mata ko a aurar da ita bana. To ni da na ɗauke ta, zalunci na yi ko taimako?

Maman Ilham:
Alhaji ban ce kai azzalumi ba ne, Allah ya tsare ni. Tambaya ɗaya dai: tana zuwa makaranta? Ko Islamiyyar yamma?

Alhajin Kwari:
Wannan kuma sai na tambayi uwargida, harkar cikin gida ce.

Ɗan Baiwa:
Alhaji ya san farashin yadi a Guangzhou amma bai san inda yarinyar gidansa take wuni ba 😂

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Baiwa, a yi muhawara ban da ba'a. Alhaji sa'an mahaifinka ne.

Malam Na-Tudu:
Bismillah. Malama Maman Ilham, Allah ya saka da alheri, kin taɓo babi mai nauyi. A fiƙihu maganar ba ta da ruɗani: wajibi yana gaba da nafila. Ladan ma'aikaci bashi ne a wuyanka, sadakar ganin dama kuwa nafila ce. Wanda ake bi albashin wata biyu, yana da halin biya, ya je ya sayi buhunan gero ya raba a ƙofar gida, da kuɗin wani ya yi kyauta. Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, bai ba shi ladansa ba. Ku lura, ba a ce mala'ika ne zai tsaya masa ba.

Game da abinci kuma, akwai hadisin da ya ce idan mai hidimar ɗayanku ya kawo masa abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ne ya sha zafin girkin. Anas bin Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Muna karanta wannan a majalisi, mu yi salati, mu koma gida mu ce "ke jaka, zo nan."

Amma ina jan kunne, kada wani ya karanta wannan ya ce bari ya daina ciyarwa. A ci gaba da ciyarwa, a fara da sauke nauyi.

Hajiya Babba:
Allah ya gafarta Malam, mun ji kuma mun karɓa. Amma ku maza ba ku san abin da muke gani a wajen yaran nan ba. Ki ɗauko yarinya ba ta san ko yadda ake riƙe tsintsiya ba, kanta duk ƙwarƙwata, ki wanke ta, ki koya mata girki da tsafta da sallah, ta yi kyau ta murje. Ranar da ta fara amfani, sai uwarta ta aiko wai damina ta faɗi ko an sa mata rana. Wata kuma ta kwashe miki sarƙa ta gudu. Ni na aurar da 'yan aiki uku daga gidana, gado da katifa da kwanuka duk ni na yi. Ba na faɗa don a yaba min ba. Amma a riƙa tunawa akwai iyayen ɗaki na kirki, kuma akwai yaran da ba sa jin magana sai an ɗaga murya.

Tela Mai Zare:
Salamu alaikum iyayena. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni, domin ni na yi aikatau tun ina ƙarama har na zama budurwa. Ba zan faɗi gari ko gida ba.

Mama Hajiya Babba, na yarda akwai irinku, Allah ya ƙara muku. Amma bari na faɗa muku yadda abin yake daga ɗaya gefen. Kuɗin aikina ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Matar da ta kawo mu birni ita take zuwa ta karɓa, ta cire nata, ta kai wa innata saura, wai ana tara min na kayan ɗaki. Da aurena ya tashi, abin da aka tarar bai sayi ko katifa ba, don an ci shi a shekarun da hatsi bai yi ba. Ban riƙe innata a zuciya ba, yunwa ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba duka ba ne, ba kuma aikin ba. Kwanona daban yake, an yi masa alama, ana ajiye shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ni na dafa abincin, amma sai kowa ya ƙoshi a kankaro min na ƙasan tukunya. In baƙi sun zo a ce "yarinyar nan", kamar ba a raɗa min suna ba. A gidan kuwa duk Juma'a ana dafa abincin sadaka a kai masallaci, da nama zuƙu-zuƙu, ni nake ɗauka a kaina in kai. Ina tafe ina jin ƙamshinsa.

Alheri ɗaya da ba zan manta ba: wata 'yar gidan, sa'ata ce, in ta dawo daga makaranta sai ta zaunar da ni a bayan gida ta koya min abin da aka koya musu. Da wannan na iya karatu, da shi nake rubuta awon mutane yau, da shi nake muku wannan rubutun. Ba ta taɓa ba ni ko sisi ba. Har gobe in na yi sallah sai na sa ta a addu'a kafin waɗanda suka yi min kayan sallah.

Maman Ilham:
Allahu akbar. 'Yar uwa, na gode da kika buɗe mana cikinki. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Hajiya Babba:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa wahalar ta zama kaffara. Maganar kwano daban kam ana yi, ba zan musa ba. Wasu don tsafta suke yi a farkon zuwan yarinya, sai abin ya zarce ya zama al'ada.

Tsohon Ɗan PRP:
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Duk kuna zagaye ne a cikin gida, ba wanda ya tambayi abin da ya fito da yarinyar daga gidan ubanta tun farko. Wace uwa ce za ta miƙa 'yarta mai shekara 10 ga baƙuwar fuska in da rumbunta da hatsi, in da makaranta mai malami a garinsu? Ku dubi inda yaran nan suke fitowa. Ƙauyukan da taki ya gagari manomi, da waɗanda 'yan bindiga suka tasa a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, har noma sai an biya su kuɗi.

Mu da muka ga Malam Aminu Kano da idonmu, ba rabon shinkafa ya koya mana ba. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, abin da ake faɗa wa talaka shi ne kai mutum ne, kana da hakki, ka daina cire takalmi kana faɗuwa don wani ya wuce. An ɗaure mutane a kan wannan, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha gidan yari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano a 1979, gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ku tambayi dattawan ƙauye abin da wannan ya sauke musu. Kafin nan mutum kan gudu ya bar garinsu saboda kuɗin haraji, a kama shi a shanya a rana. Ba wanda ya ba su kyautar komai, an daina ƙwace musu ne kawai, kuma har yau suna ambaton abin.

Yanzu fa? Wanda ya cinye kuɗin asibitin garinku shi zai dawo da azumi da ƙullin shinkafa mai hotonsa a jiki, ku yi layi a rana, malami ya yi masa addu'a a lasifika. Ni wannan ba na kiransa tausayi.

Alhajin Kwari:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma in muka ce sai an gyara gwamnati, yaran nan yunwa za ta kashe su kafin nan. Ni ba gwamna ba ne. Abin da hannuna ya kai shi nake yi.

Tsohon Ɗan PRP:
Ban ce ka jira gwamnati ba, Alhaji. Cewa na yi kada ƙosan da ka raba ya sa ka ji ka gama. Kuna da ƙungiyar 'yan kasuwa, gwamna yana amsa kiranku. Kun taɓa zuwa masa a kan makarantun ƙauye, ko sai in an taɓa kuɗin shago?

Barista:
Bari na sa baki ta fuskar doka, don mutane suna ruɗewa. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000. Sai dai dokar ta cire duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ka ga ke nan mai gadin gida da 'yar aiki da direba ba su da inda za su tsaya a kanta. Abin da ya rage musu shi ne yarjejeniyar baki da tsoron Allahn mai gida. Ta ɓangaren yara kuma, dokar kare hakkin yara ta tarayya tun 2003 take, ta kuma hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen danginsa. Jihohin Arewa da yawa sun daɗe ba su karɓe ta ba, Kano sai a 2023 ta sa hannu a kan tata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Duk suna nan a takarda. Amma wa zai kai ƙara? Uwar da ta karɓi kuɗin? Yarinyar da ba ta san hanyar tasha ba?

Ni abin da na fi gani a aikina shi ne ranar da abu ya ɓata a gida. Kafin a bincika ɗan masu gida, an riga an kai 'yar aiki wajen 'yan sanda.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Abin da Baba ya faɗa haka yake har a wajenmu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara ne, da yawa daga yankin Kance. Bara da aikatau za su je. A 2022 kuma gwamnati ta aika jirgi ya kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarmu da ke bara a titunan Dakar. Mutane suka yi ta cewa sun zubar mana da mutunci. To amma me ya sa sana'ar take ci? Saboda akwai masu bayarwa. Mun fi son mu miƙa dala ashirin ta kuɗin sefa ta tagar mota mu wuce da mu tambayi me ya hana yaron nan zama lakwal, wato makarantar boko. Har ta kai wasu na karɓar hayar yaran mutane su tafi da su, don an san hannun yaro ya fi saurin samu. Sadakar da ba ta tambaya, wani lokaci ita take ciyar da wannan cinikin.

Ummu Hanif:
Ni dai a nan nake jin tsoro. Kada mu wayi gari mun ƙeƙasar da zukatanmu da sunan bincike. Allah ya ce kada a kyari mai roƙo. In yaro ya tsaya a ƙofata da daddare yana "ko ɗan ƙanzo", ba zan tsaya tambayar wa ya turo shi ba, zan zuba masa.

Malam Na-Tudu:
Ki zuba masa, Malama, wannan ba a ja da shi ba. Mai jin yunwa a ba shi abinci tukuna. Amma maganar ɗan uwanmu na Damagaram tana nan. Almajirin da yake miki wanke-wanke da ɗebo ruwa shekara uku, kin san sunan garinsu? Kin taɓa aika wa malaminsa ko kuɗin Laraba? In ya yi zazzaɓi a ina yake kwana? A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda yaran nan a motoci ana mayar da su jihohinsu. Gidaje nawa ne suka je suka ce wannan yaron namu ne, a bar mana shi? Da yawa sai da wanke-wanke ya taru suka lura ba ya nan.

Ɗan Baiwa:
Malam tunda an zo nan, a taɓa masu Umra duk shekara mana. Mutum ya je sau goma, maƙwabcinsa na fama da kuɗin awon ciki. Kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8. A 2024 gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 tallafin aikin Hajji, a shekarar da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Agustan shekarar yara suka fito zanga-zangar yunwa, aka tsare su wata uku, har wasu suka faɗi a gaban kotu a Abuja. Wanne ya fi cancantar biliyan 90 ɗin?

Alhajin Kwari:
Kai yaro, kuɗin mutum ne, guminsa ne. Wanda ya taɓa tsayawa gaban Ka'aba ba zai yi wannan maganar da sauƙi ba. Kuma wa ya ce maka mai zuwa Umra ba ya taimako? Ka bi shi ka gani?

Malam Na-Tudu:
Ku dakata. Hajjin farilla rukuni ne, ba a haɗa shi da komai. Maimaita Hajji da Umra kuma akwai falala tabbatacciya, ba za mu raina ta ba. Amma tambayar Ɗan Baiwa ba sabuwa ba ce, magabata sun yi ta. Imamu Gazali ya kawo labarin wani da ya zo yi wa Bishrul Hafi sallama zai tafi Hajjin nafila da dirhami 2,000. Bishru ya tambaye shi me yake nema, ya ce yardar Allah. Ya ce to in za ka same ta kana zaune a gidanka fa? Ka raba kuɗin ga mutum goma: mai bashi ya biya, mai iyali ya ciyar, mai riƙon maraya ya faranta masa. Mutumin ya ce shi dai tafiyar ta fi ƙarfi a zuciyarsa. Bishru ya yi murmushi, ya nuna masa cewa rai ne yake neman abin da yake so, ya sa masa rigar ibada.

Wurin da ya kamata kowa ya binciki kansa ke nan, ba maƙwabcinsa ba. Rai yana da wayo. Yana son ibadar da ke da daɗi: tafiya, hawaye a bayan limami mai murya, a kira ka Alhaji. Ba ya son wadda ke da ɗaci, kamar ka kira mai gadinka ka ce na danne maka wata biyu, ga shi, ka yafe ni. Alhali hadisin matsiyaci ya gaya mana akwai wanda zai zo da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare. In kana son ka san ko azumin bana ya taɓa ka, kada ka ƙirga saukar da ka yi. Ka tambayi wanda ba ya iya rama maka magana ko ya ga canji.

Bawan Allah daga Wusasa:
Ni Kirista ne, na daɗe a zauren nan ina ƙaruwa da ku. Ciwon nan har cikinmu yana nan. A wasiƙar Yaƙub sura 5 an ce ladan ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Muna karantawa ranar Lahadi, mu ba da zakka a coci, a gida kuwa akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara ta zagayo ba a sa ta ba. Namu ma ya fi ɓoyuwa, don sau da yawa 'yar dangi ce, sai a ce ai riƙo ne, ba a ma maganar biya.

Maman Ilham:
Yallaɓai ka taɓo wani wurin. Riƙo! 'Yar ƙanin miji ko 'yar marigayiya yaya, ita ce mai tashi da asuba, 'ya'yan gida suna barci. A kai su makarantar kuɗi, ita a kai ta ta gwamnati, in an kai ta ke nan. Kuma a waje yabo ake yi, wance mai zumunci ce, ta riƙe marainiya.

Ummu Hanif:
Sai kuma hoto. Yanzu ba a ba da mudun gero sai an ɗora waya a fuskar tsohuwa an sa a Facebook da TikTok. Allah ya ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Ga taro kuma. A azumin 2024 a Bauchi, mata da 'yan mata sun rasu a turmutsutsun karɓar zakka. A Disambar shekarar aka sake yi a Ibadan da Abuja da Okija wajen rabon abinci. Mai unguwa da limami sun san gidan kowace bazawara da kowane mara lafiya a unguwa. Me zai hana a bi dare a kai musu har gida?

Barista:
Masu gidauniya za su ce miki hoton shi ne shaidar da suke nuna wa waɗanda suka ba da kuɗi, don amana ta yi ƙaranci. Suna da hujja. Amma ana iya ɗaukar kayan da rasit ba tare da fuskar mutum ba. Hukumomi ma akwai, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato ma tana da tata. Masu kuɗi da yawa dai sun fi son su raba da hannunsu a ƙofar gida, kowa ya san dalili.

Alhajin Kwari:
To Malam, tambaya ta tsakani da Allah. Na tambayi uwargida, ta ce yarinyar tana zuwa Islamiyyar dare amma ba kullum ba, boko kuwa babu. Mai gadi kuma akwai ragowar da yake bi tun lokacin da kasuwa ta tsaya. Zakkata tana fita a Ramadan. Ya halatta na biya shi daga ciki, tunda shi ma mabuƙaci ne?

Malam Na-Tudu:
A'a Alhaji, bai halatta ba. Albashi bashi ne a kanka, zakka kuwa hakkin Allah ce da ya faɗi masu cinta guda takwas a Suratut Tauba aya ta 60. Ba a kare dukiya da zakka. Ka biya shi nasa daga aljihunka. Bayan nan, in matalauci ne, kana iya ba shi zakka daban, ɗaya cikin arba'in ɗin nan da kake fitarwa, da sharaɗin kada ta zama dalilin rage masa albashi ko ƙara masa aiki. Kuma kada ka jira Ramadan, shi cikinsa ba ya jira.

Hajiya Babba:
Ni matsalata da maganar boko ita ce, in ta tafi makaranta da safe, wa zai yi aikin da aka ɗauko ta dominsa? A faɗi gaskiya. Kuma iyayen da kansu ba sa so, kuɗi suke jira. Na taɓa cewa zan riƙe rabin kuɗin wata yarinya in tara mata, uwarta ta zo har gida ta ce in ba zan bayar duka ba a ba ta 'yarta.

Tsohon Ɗan PRP:
Hajiya, in aikin ya fi ƙarfin a haɗa shi da makaranta, to aikin babba ne. Ki ɗauki babbar mace, bazawara mai 'ya'ya, ki biya ta kuɗin babba. Ana ɗaukar yara ne don sun fi araha kuma ba sa musu.

Hajiya Babba:
Baba, manyan kuma su ne masu kai maganar gidanka waje, wata ma ta aure maka miji. Ba a nan zan buɗe wannan ba.

Tela Mai Zare:
Mama, game da uwar da ta ƙi a tara: kada ki yi maganar da matar da ta kawo yarinyar, ita ba ta son a san nawa take cirewa. Ki nemi lambar uwar ko uban ki yi magana da su kai tsaye, su ji adadin daga bakinki. Da yawansu ba su ma san nawa ake biya ba. In kin ba su nasu cikakke, abin da za ki tara wa yarinyar ki ɗora shi a kai daga wajenki, ko N2,000 ce a wata, ki rubuta a littafi ta gani da idonta. Makaranta kuma akwai ta rana da ake shiga bayan azahar, akwai ajin yaƙi da jahilci, akwai masu koyar da ɗinki da saƙa a kusan kowace unguwa. Ni yanzu yara biyu 'yan aiki suna zuwa shagona daga la'asar zuwa magariba, iyayen ɗakinsu ne suka kawo su, ba na karɓar komai. Alhaji, in gidanka a cikin birni yake, ka sa uwargida ta yi min magana ta akwatin sirri, akwai keke ɗaya da ba kowa a kansa.